Yadda Ake Sa Awo Daidai a Kan Siffa Mai Jiki a Kwamfuta

Mai walda ko mai injin sassaƙa ƙarfe a Sabon Gari ba ya ganin siffar da ka kwana kana juyawa a kwamfuta. Takarda yake gani, lambobin da ke kanta su yake bi da alli da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗi. In ka rubuta 40 inda ya kamata a ga 50, to 40 ɗin zai yanka, kuma babu laifinsa. Ɗaliban injiniya na Samaru da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da duk mai zana kayan injin noma a Zariya, su ne wannan bayani ya fi shafa. Gina siffar ba shi ne mai wuya ba. Inda aiki ke lalacewa shi ne wajen sa awo, domin manhajar tana iya ba ka lambar da ba ita ba ce ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. Ƙa'idar guda ce: kowace lamba ta fito daga jikin siffar, a kan shimfiɗar da ta dace, kuma a auno ta daga tushe ɗaya.

Za a yi bayanin da manhajar zane ta AutoCAD, cikakkensa ba LT ba, domin LT ba ya gina siffa mai jiki, wato 3D mai tsawo da faɗi da kauri. Daga baya a taɓo SolidWorks da FreeCAD.

Abin da za a auna

Mariƙin boris ne na shaf ɗin injin ɓarzar masara. Gindinsa fallen ƙarfe ne mai tsawon milimita 120, faɗi 80, kauri 12. A ƙarshensa ɗaya akwai bango a tsaye mai kauri 20, faɗi 80, tsayinsa daga ƙasan gindi 110. A bangon akwai gurbin boris lamba 6205, wanda faɗinsa na waje 52 ne, ramin cikinsa 25, kaurinsa 15. Saboda haka gurbin yana da faɗi 52 da zurfi 15 daga bayan bango, sannan rami mai faɗi 45 ya ƙarasa ratsa sauran milimita 5, abin da ya bar wa boris ɗin kafaɗar jingina. Tsakiyar gurbin tana milimita 70 daga ƙasan gindi. A gindin akwai ramuka huɗu masu faɗi 11 na noti M10. Tsakanin bango da gindi kuma akwai matokari mai kusurwa uku, kauri 10, kwanciyarsa 40, tsayinsa 30. Gefensa na karkace 50 ne cif. Ka riƙe wannan 50 ɗin, da shi za a gane kuskuren da ya fi kowanne yawa.

Mataki na farko: ma'auni, tun kafin a ja layi

Fara da fayil ɗin acadiso3D.dwt ko acadiso.dwt, waɗanda aka tsara su kan milimita. Wanda babu iso a sunansa na inci ne. Rubuta INSUNITS ka duba: 4 milimita ce, 1 inci ne, 6 mita ce. Wannan lambar ita manhajar ke dubawa in ka shigo da wani fayil cikin naka. In ka sauko da siffar boris daga intanet ka ga ta zo ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, ko ta cika fuskar kwamfuta, to ma'aunan biyu ne suka saɓa, kuma in inci da milimita ne, bambancin ninki 25.4 ne, wato milimitocin da ke cikin inci ɗaya. Gyara da SCALE, sannan ka auna faɗin boris ɗin ka ga 52 kafin ka ci gaba.

Gina siffar a girmanta na gaskiya. Milimita 120 a ƙarfe, 120 a kwamfuta. Rage girma aikin takarda ne, ba na siffa ba.

Sai ka buɗe DIMSTYLE. Tsarin ISO-25 yana zuwa da rubutu mai tsayin 2.5, kuma yana raba lamba da waƙafi, wato 12,5. A nan ɗigo aka saba gani, don haka mayar da DIMDSEP ya zama ɗigo. Tabbatar DIMLFAC yana kan 1, DIMRND yana kan 0, DIMASSOC kuma yana kan 2. Na farkon yana ninka duk awon tsawo da lambar da ke cikinsa, na biyun yana cika lamba ya ɓoye maka ragowa, na ukun kuma shi ke ɗaure awo da siffa ta yadda in siffar ta canja awon zai bi ta. Waɗannan ukun suna zaune ne a cikin fayil, saboda haka fayil ɗin da aka turo maka daga wani wuri yana iya zuwa da nasa saitin. A duba kullum. Buɗe leya ta musamman don awo, kada ya cakuɗe da siffar.

Mataki na biyu: binciki siffar kanta

Awo ba ya gyara siffar da aka gina a karkace. Kafin komai, ɗaga DIMDEC, mai tsara yawan lambobin bayan ɗigo a awo, zuwa 4 na ɗan lokaci, ka kuma ƙara yawan lambobin bayan ɗigo a UNITS. Tsawon da yake 119.9962 zai fito 120 in lambobi biyu kawai ake nunawa, kuma wannan alama ce cewa wani wuri an danna da ido, ba a kama tsini ba. Irin wannan ƙaramar ɓaraka ita ke hana UNION, umarnin haɗa sassa, haɗe bango da gindi sosai.

Yi amfani da DIST ka auna tsakanin tsini biyu. Yana ba da tazarar gaskiya, sannan ya rarraba ta kan X da Y da Z. A gefen matokarin nan zai ce 50, X 40, Z 30. In ya ce 40, duba OSNAPZ: in yana kan 1, manhajar tana watsar da tsayin duk tsinin da ka kama. Mayar da shi 0.

Sannan MASSPROP. Girman cikin wannan mariƙi ya kamata ya kai kusan 233,630 a milimita mai ninki uku. AutoCAD yana ɗaukar nauyin kowane abu a matsayin 1, don haka lambar nauyin da zai ba ka daidai take da ta girman. Kai za ka ninka da 7.85 na ƙarfe, ka raba da miliyan ɗaya, ka samu kimanin kilo 1.83. In ka samu abin da ya yi nisa da haka, akwai ramin da ba a cire ba ko sashen da ya ninku a kan wani.

Mataki na uku: shimfiɗa tabarmar awo

Nan ne zuciyar aikin. A AutoCAD, awo abu ne shimfiɗaɗɗe, ba shi da kauri. Kullum yana kwanciya ne a kan shimfiɗar X da Y ta UCS ɗin da ke aiki a lokacin, wato tsarin layukan X da Y da Z da manhajar ke auna komai da shi. Ɗauki wannan shimfiɗa kamar tabarma. Duk abin da ka auna, manhajar ba shi take aunawa ba, inuwarsa da ta faɗo kan tabarmar take aunawa, kamar inuwar sanda da tsakar rana. Abin da ke kwance daidai da tabarmar inuwarsa daidai take da shi. Abin da ya karkata inuwarsa ta fi shi gajarta. Abin da ke tsaye cak kuwa ba shi da inuwa sai ɗigo.

Gwada ka gani. Bar UCS a kan World, wato tsarinsa na asali, inda tabarmar ke ƙasa. Auna tsawon gindi da DIMLINEAR, za ka samu 120, daidai. Auna tsayin bango, za ka samu 0, ko awon ya faɗo ƙasa ya kwanta a inda ba ka nufa ba. Auna gefen matokari da DIMALIGNED, za ka samu 40. Mutane da yawa suna zaton DIMALIGNED yana bin karkata ta kowace fuska. A'a, karkatar da ke kan tabarmar kawai yake bi. Wannan 40 ɗin ya fi sifilin haɗari, domin sifili kowa zai gane, 40 kuwa lamba ce mai kama da gaskiya.

Maganin shi ne a ɗaga tabarmar a manna ta a fuskar da za a auna. Hanya mafi aminci ita ce ta tsini uku. Rubuta UCS, danna tsinin da zai zama mafari, danna na biyu da zai nuna inda X ya dosa, danna na uku da zai nuna ɓangaren Y. Don auna bayan bango, ɗauki kusurwar ƙasa ta hagu yadda kake kallon bangon, sai kusurwar ƙasa ta dama, sai kusurwar sama ta hagu. Yanzu tabarmar ta miƙe tsaye a jikin bango. Tsayi zai ba da 110, tsakiyar gurbi 70, faɗi 80.

Akwai gajeriyar hanya: UCS, sai Face, sai ka danna fuskar. Tana da sauri, amma ita ke zaɓar maka inda X zai dosa. Duba alamar UCS da kyau. Dole Z ya fito yana kallonka. In ya shige cikin ƙarfen, rubutun awon zai fito a juye kamar an duba shi a madubi. Zaɓi Xflip ko Yflip kafin ka amince, ko Next in ta kama fuskar da ke maƙwabtaka da wadda kake so.

Don matokari, manna tabarmar a gefensa mai kusurwa uku, ba a kan karkatacciyar fuskar ba. A can ne 40 da 30 da 50 duk suke kwance, DIMALIGNED zai ba da 50, DIMANGULAR kuma zai ba da kusurwar digiri 36.87 tsakanin karkatar da gindi.

Ajiye kowace tabarma da suna ta UCS, NAmed, Save: Sama, Baya, Gefe. Za ka koma musu sau da yawa. Rubuta PLAN ka danna Enter, kallon zai juyo ya fuskanci tabarmar kai tsaye, abin da ke rage kuskuren dannawa ƙwarai. Shi kuwa UCS mai tsalle da kansa, na maɓallin F6, yana da amfani wajen gina siffa, amma kashe shi lokacin awo, ka kafa tabarmarka da hannunka. Haka nan PERSPECTIVE ya zama 0.

Mataki na huɗu: kama tsini, kada ka yi ƙiyasi

Kunna F3, ka bar Endpoint da Center da Midpoint da Quadrant kawai. Kashe Nearest, domin yana kama ko'ina a jikin layi ya sa ka zaci tsini ne. F4 yana kunna kamun da aka tanada don siffa mai jiki, irin su kusurwa da tsakiyar fuska. Kada ka danna sai alamar kamun ta bayyana.

Tarkon da ke nan shi ne tsinin baya. A kallon da ake ganin dukkan layuka, kusurwar gaba da ta baya suna hawa kan juna. A gurbin boris ma da'ira uku ne ke da cibiya ɗaya: bakin gurbi, gindin gurbi da bakin ƙaramin rami. In kana kallon bangon kai tsaye wannan ba ya canja lambar, amma yana ɗaure awon da gefen da ba shi kake nufi ba, ranar da ka canja kaurin bango sai awon ya bi wani wuri. Ɗan juya kallon ka ga abin da ka kama, ko ka koma kallon Conceptual da ke rufe layukan baya.

Faɗin rami da DIMDIAMETER ake aunawa, a danna bakin da'irar. In ya ƙi karɓa, kusan kullum tabarmar ce ba ta daidaita da da'irar ba. Rami cikakke ana ba shi faɗi da alamar Ø, lanƙwasa kuma ana ba ta rabin faɗi da harafin R. Dalilin a fili yake: bakin huda da faɗinsa ake saye, kalifa ma faɗi take aunawa.

Mataki na biyar: fitar da zanen da za a kai wa maƙeri

Awo a jikin siffar yana da kyau wajen bincike da nuna wa malami ko mai aiki. Amma takardar da za a kai shago, gara a fitar da ita a Layout, wato shafin da ake tsara takardar bugawa. Fara da VIEWSTD ka zaɓi tsarin jera kallo. A tsarin kusurwa ta farko, wanda Turai ta fi bi, kallon sama yana zama a ƙarƙashin kallon gaba. A na kusurwa ta uku, na Amurka, yana zama a samansa. Duka biyun ana koyar da su a nan, saboda haka sa alamar wanda ka bi a akwatin bayani. Rashin wannan alama na iya sa a huda ramuka a ɓangaren da ba shi ba.

Rubuta VIEWBASE, zaɓi siffar, ajiye kallon farko, sannan ka ja sama da gefe ka ajiye sauran. Mariƙin nan zai zauna lafiya a takardar A3 mai 420 da 297 a sikelin 1:1. Zurfin gurbi abu ne da ke ɓoye, kuma ba a sa awo a kan layin ɓoye. Yi VIEWSECTION ka yanka siffar ta tsakiyar gurbin, 15 da 5 da Ø52 da Ø45 duk su fito fili.

A Layout, in DIMASSOC yana kan 2 kuma ka kama tsinin kallon da gaske, manhajar tana lissafa sikeli da kanta. In kamun ya kuskure, takardar za ta auna: a sikelin 1:2, tsawon 120 zai fito 60. Duk lokacin da ka ga awo ya zama rabi ko ninki, kada ka gyara lambar, share shi ka sake kamawa.

Kallon kusurwa, wanda ke nuna fuska uku lokaci ɗaya, a bar shi babu awo. A irin wannan kallo kowane tsawon da ke bin X ko Y ko Z yana raguwa zuwa kashi 0.816 na gaskiyarsa, 120 ya koma kusan 98. Aikinsa kawai ya taimaka wa maƙeri ya gane siffar da sauri.

Mataki na shida: daga ina ake fara awo

Ka tambayi kanka abin da wannan ƙarfe zai yi. Zai zauna a kan firam da ƙasan gindinsa, ya riƙe shaf a wani tsayi. To ƙasan gindi shi ne tushe na farko, bayan bango na biyu, layin tsakiyar faɗi na uku. Tsayin tsakiyar gurbi, 70, daga ƙasan gindi za a auno shi kai tsaye. In ka rubuta 12 na kaurin gindi sannan 58 daga samansa, ka jingina tsayin shaf a kan kaurin fallen da aka sayo a kasuwa, wanda ba lallai ne ya cika 12 ba. Mariƙi biyu ne ke riƙe shaf ɗaya. In tsayinsu ya saɓa, boris zai yi zafi ya ci kansa, bel ya riƙa zamewa daga fuli.

Haka ramukan noti. Layin farko yana 45 daga bayan bango, na biyu yana 100. In ka jera awo kamar sarƙa, 20 sai 25 sai 55 sai 20, kuskuren kowanne yana hawa kan na gabansa. A sassaucin gama-gari na matsakaicin aji, wato iyakar kuskuren da aka yarda da ita da za a yi bayani a mataki na bakwai, ukun da ba su wuce 30 ba kowanne yana da 0.2, na 55 yana da 0.3, jimilla 0.9 sama ko ƙasa a ƙarshen gindi. In ka auno kowanne daga bayan bango da DIMBASELINE, babu wanda zai wuce 0.3. DIMCONTINUE, mai yin sarƙa, a ajiye shi sai inda tazarar da ke tsakanin abu biyu ita ce abin buƙata. Misali, in an riga an huda firam ɗin, tazarar ramuka ita ce dole: 45 daga bango, sannan 55 tsakanin layi biyu, 50 kuma a faɗi, 25 kowane gefen layin tsakiya.

Kowane awo sau ɗaya ake rubuta shi. Kada a rufe sarƙa: in ka ba da 120 na tsawo da 100 na rami, kada ka ƙara 20 na ragowa. Matokari ma 40 da 30 sun isa. In kana son nuna 50 don a duba, sa shi cikin baka biyu, alamar cewa na tuni ne, ba na yanka ba. Ramuka huɗu iri ɗaya a rubuta 4×Ø11 a wuri guda. Layin awo na farko ya nisanci siffa da kamar milimita 10, na gaba da shi 7, gajerun awo a ciki, dogaye a waje, don kada layuka su gitta juna.

Mataki na bakwai: sassaucin awo

Babu injin da ke yanka 52 cif. Aikinka ne ka faɗi iyakar da za a yarda da ita. A akwatin bayani rubuta ISO 2768-m, wanda ke nufin duk awon da ba a yi masa magana ba: daga 6 zuwa 30 an yarda da 0.2 sama ko ƙasa, daga 30 zuwa 120 an yarda da 0.3, daga 120 zuwa 400 kuma 0.5. Ba kowane shago ne ke da wannan jadawali a bango ba, don haka rubuta waɗannan layuka uku a takardar da lambobinsu. Ba ya cin wuri.

Gurbin boris ba ya shiga wannan sahu. In ya fi 52 da 0.3, boris zai yi ta juyawa a cikinsa yana cinye gurbin. In ya gaza da 0.3, ba zai shiga ba sai da guduma, guduma kuwa tana kashe boris tun ranar farko. Rubuta Ø52 H7, ka bi shi da lambobin: daga 52.000 zuwa 52.030. Wurin zaman boris a kan shaf kuma Ø25 k6, wato daga 25.002 zuwa 25.015. A AutoCAD, zaɓi awon, buɗe Properties, ka shiga sashen Tolerances, ka zaɓi Deviation ko Limits don wannan awon kaɗai, ka ɗaga lambobin bayan ɗigo zuwa uku. Kada ka sa shi a DIMSTYLE, in ba haka ba duk awon takardar zai ɗauka.

Abu biyu a lura. Kalifar da ke karanta 0.02 ba ta isa tabbatar da sassaucin 0.030 ba, sai maikiromita ta ciki ko ma'aunin rami. Tambayi mai injin abin da yake da shi kafin ka rubuta abin da ba za a iya dubawa ba. Na biyu, walda tana jan ƙarfe. In aka tono gurbin kafin a yi waldar bango da matokari, zai fito a murɗe. Rubuta a takardar ɓaro-ɓaro: a tono gurbin boris bayan walda, a kuma daidaita ƙasan gindi kafin a auno 70. A bar ƙarfen ya huce kafin a auna. Ma'aunin duniya a kan zafin digiri 20 aka kafa shi, kuma gurbin 52 da ya fi ma'auninsa zafi da digiri 20 yana buɗewa da kimanin 0.012, fiye da sulusin sassaucin gaba ɗaya.

Kada kuma a matse inda babu buƙata. Ramin noti M10 an ba shi 11 ne don ya samu wurin motsi. Sa masa sassaucin 0.01 ƙarin kuɗi ne kawai.

Lambar da aka rubuta da hannu

Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi cutarwa. Awo ya nuna 68, kai kana son 70, sai ka danna rubutun sau biyu ka rubuta 70. Takarda ta yi kyau, amma siffar tana nan a 68, kuma daga yau wannan awon ya daina bin ta. In aka tura fayil ɗin ga injin yanka mai kwamfuta, siffar zai bi, ba rubutun ba. Gyara siffar, awon ya biyo.

In kana buƙatar ƙara rubutu, bar alamar <> a wurinta, domin ita ce ke wakiltar awon gaskiya. Rubuta 4×<> ko <> H7. Alamar Ø ana samun ta da %%c, ta sama ko ƙasa da %%p, ta digiri da %%d. Don gano lambobin hannu a fayil ɗin da ka gada, DIMREASSOC na cikin Express Tools yana haskaka su ya mayar musu da awonsu. Kada a rikita shi da DIMREASSOCIATE, wanda aikinsa sake ɗaure awon da ya kwance daga siffa. Bayan duk wani gyara da UNION ko SUBTRACT ko PRESSPULL, kunna ANNOMONITOR. Awon da ya kwance zai fito da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefensa.

A SolidWorks da FreeCAD

A waɗannan, awo ne ke tuƙa siffar, don haka daidaito yana farawa tun daga zanen farko. A SolidWorks layi shuɗi yana nufin bai gama ɗaurewa ba, baƙi ya ɗauru, ja ko ruwan ɗorawa kuma awo ya yi karo da wani. A FreeCAD zanen yana komawa kore in ya ɗauru duka. Kada ka ba zane kauri yana shuɗi. Ɗaure shi da mafarin fayil, ka auno daga tushen da za ka nuna a takarda. Matsalar inuwa tana nan ma: a takardar SolidWorks kowane kallo yana da zaɓin Projected ko True, a TechDraw na FreeCAD ma kowane awo yana da irin wannan zaɓi. Kallon gaba da sama da gefe suna son Projected, kallon kusurwa kuma True. In za ka karɓi siffa daga wani, nemi STEP. Fayil ɗin STL tarin ƙananan kusurwa uku ne, babu da'ira ta gaskiya a cikinsa, kuma ba ya ɗauke da ma'auni.

Bugawa da dubawar ƙarshe

Buga Layout a 1:1, kada ka zaɓi Fit to paper. In ka kai PDF shagon buga takardu aka mayar da A3 zuwa A4, komai ya ragu zuwa kashi 71 cikin ɗari. Lambobin suna nan daidai, amma wanda ya ɗora rula a takardar zai ɓata. Rubuta a ƙasa: duk awo a milimita, kada a auna takarda da rula.

Sannan ka rufe kwamfutar, ka ɗauki takardar da biro ja. Bi aikin yadda mai yin sa zai bi. Zai yanka gindi: akwai 120 da 80 da 12? Yi musu alama. Zai yanka bango: tsayin fallen 98 ne, wato 110 a cire 12, ka tabbata zai iya fitar da shi ba tare da ruɗewa ba. Matokari: 40, 30, 10, da inda zai zauna. Ramuka: faɗi, adadi, nisa daga bango da daga tsakiya. Gurbi: faɗi, zurfi, tsayi daga ƙasa, da ɓangaren da ya buɗe. Duk inda ka tsaya kana lissafi mai tsawo ko kana zato, akwai awon da ya ɓace. Duk lambar da biro bai taɓa ba, ƙari ce, a cire ta. In ka gyara wani abu bayan takarda ta riga ta tafi shago, canja harafin bugu daga A zuwa B a akwatin bayani, sa kwanan wata, ka karɓo tsohuwar takardar daga hannun mai aikin kafin ka ba shi sabuwar.